Ambireyaj ɗin da Na Sawo wa Tsohona

Wari ne ya fara tona asirin motar. Duk ranar da tsohona, Allah ya jiƙansa, ya dawo daga kasuwar Sabon Maci ya tsayar da bashensa a ƙofar gida, sai wani ƙauri ya riga shi shiga zaure, irin wanda ake ji ranar layya idan ana babbaka kai da ƙafa. Wanda bai san mota ba zai ce wani abu ne ya ƙone a maƙwabta. Ni da na tashi a gidan direba na san ambireyaj ne, wato kuloci, yake cin kansa. Ban ce komai ba. Rashin cewa komai shi ne sana'ata ta biyu a gidanmu, bayan koyarwa.

Tsohona ya haura shekara arba'in yana tuƙi. Motar tasa tsohuwar bashe ce mai buɗaɗɗen baya, da can fara ce, rana da rairayi suka mayar da ita kalar kunun kanwa. Da ita yake kai 'yan kasuwa da buhunan hatsi da wake da awaki daga Dakoro zuwa kasuwannin ƙauye, Sabon Maci, Mai Yara, har can arewa wajen makiyaya, inda hanya ba komai ba ce sai sawun tayar wanda ya riga ka wucewa. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya aurar da mu. Abin alfaharinsa a duniya kuwa ƙafarsa ta hagu ce. Yakan ce ko jaki aka ɗora a kujera zai iya taka mai, amma direba a ƙafar hagu ake gane shi: ta taka, ta saki, ta koma gefe ta zauna. Abokan sana'arsa kusan kowace damina sai sun sauya ambireyaj saboda rairayi, nasa kuwa sai ya shekara biyar ba a taɓa shi ba, kuma duk tasha an san da haka.

Shekara guda kafin abin da nake ba da labari, wata safiya ya faɗi a wajen alwala. Ya tashi da kansa, ya ce jiri ne, ya hana a kai shi likita. Aka karɓo rubutu ya sha, aka jiƙa sassaƙe, bayan kwana huɗu ya koma kan hanya. Amma ƙafar hagun ba ta dawo duka ba. Inna, mahaifiyata, ita ta fara nuna mini. Na shigo gaisuwa, ta kama hannun rigata ta kai ni tsakar gida inda ta share da safe, ta nuna mini ƙasa. Sawun dama ya fito sarai, na hagu kuwa dogon zane ne, takalmin yana jan ƙasa. Daga baya na gani da idona. Idan zai shiga mota, yana zaton ba mai kallo, sai ya sa hannu a ƙarƙashin gwiwa ya ɗaga ƙafar ya ajiye ta ciki.

Mutum goma sha wani abu yake ɗauka a bayan motar nan ranar kasuwa, ban da dabbobi. Wata mata ta gaya wa matata a gidan suna cewa a wani hawa bayan ƙorama ya kasa sauya bitesi, wato giya, motar ta yi ta komawa da baya da su, mata suna salati, har Allah ya sa taya ta nutse a rairayi ta tsaya. Tun daga ranar nake yawo da tsoro biyu. Ina tsoron ranar da za a zo a ce mini ya kifar da mutane. Ina kuma tsoron ranar da zai sauka daga motar, don ban san me zai rage na mutumin ba idan an cire tuƙi. Dole wani ya ce masa ya isa haka, kuma kowa a gidan ya san wanda ya kamata ya faɗa.

Ni ne ɗan fari. Shekarata arba'in da uku a lokacin, ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a nan cikin gari, furfura ta fara fito mini a gemu, yara suna miƙewa idan na shiga aji. Amma tsohona bai taɓa kiran sunana ba, ban kuma taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Ƙannena sukan shiga su miƙe ƙafa su yi hira da shi har da musu. Ni daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Idan yana da saƙo gare ni, sai ya gaya wa Inna da ƙarfi ina tsugune: a ce wa wancan kaza. Kunya ce, kowa ya sani, kuma an sha gaya mini a bayan idona yakan yi alfahari da ni. Sai dai kunyar da aka shekara arba'in ana ginawa ba a tsallake ta rana ɗaya. Inna ta gwada yi masa maganar ƙafar, ya ce ta kula da tukunyarta. Ƙannena da ke Maradi suka gwada ta waya, ya yi dariya ya tambaye su yaushe aka haife su. Dukansu suka juyo kaina, kai ne babba, taka zai ji. Na sha shirya kalmomi tun daga gidana, ina jera su a hanya kamar darasi, ina isa sai in ji na ce ina kwana, ina gajiya, in tashi in tafi.

Da ambireyaj ɗin ya fara zamewa sosai, sai ya samo wanda zai ɗora wa. A hutun da ya wuce na taɓa aron motar sau ɗaya, na kai matata ta'aziyya Mai Yara. To, shi ke nan. Ya gaya wa Inna, ina ji, cewa hannun da ya saba da alli ba shi da hurumi a sitiyari, mai alli ya ƙona masa mota. Na ce a ba shi haƙuri. Abin kunyar shi ne har daɗi na ji. Ɗaukar laifin ya fi mini sauƙi a kan faɗin gaskiya. Ya san na sani, na san ya sani, muka ci gaba da zama a haka.

Motar ta tsaya ne ranar wata kasuwa, a tasha, an gama lodi. Ya sa bitesi, inji ya yi ta ruri, mota ko motsi. Fasinja suka sauka suka sauke kayansu, 'yan tasha suka tura ta zuwa garaj ɗin taubashinsa.

Wannan taubashin ɗan gwaggon tsohona ne, tun muna yara muke ce masa Baban Garaj. Gajere ne mai kaurin hannu, bakinsa ba ya hutawa. Shi da tsohona kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, sun tsufa ba su gama wannan shari'a ba. Shi kaɗai ne a Dakoro zai cire wa tsohona hula a cikin mutane ya ce yana duba ko akwai sauran hankali a ciki, a yi dariya a wuce. Shi ne ma ya koya mini tuƙi ina saurayi, tunda uban da ya fi kowa iyawa ba zai zauna kusa da ni ba. Motar kuwa tun ranar da aka sawo ta ba wanda ya taɓa kwance mata ƙusa sai shi. Da na je duba abin da ake ciki, na tarar da tsohona zaune a benci ƙarƙashin bishiyar bedi. Ya ce wa Baban Garaj a gaya wa wanda ya ƙona ta ya nemo kayan gyara. Baban Garaj ya ce sai an buɗe an gani tukuna, kuma Mushe, wato ni, don haka ake kiran malamin lakwal, ya zo ranar Asabar da tsofaffin tufafi a jikinsa, tunda ya iya ɓarna sai ya koyi gyara.

Ranar Asabar mu biyu kaɗai ne a garaj ɗin. Daga baya na gane da gangan ya shirya haka. Motar tana bisa rami. Ya cire kan batir, muka shiga ƙarƙashi, ya kwance doguwar sandar ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin baya, sannan ya bi ƙusoshin akwatin bitesi ɗaya bayan ɗaya yana jefa su cikin wani tsohon kwano. Akwatin nan nauyi gare shi kamar maraƙi. Muka ɗaure shi da igiya, muka tara masa katako, na sa kafaɗa, ya ja shi baya a hankali har ya rabu da inji. Baƙin gari ya zubo mini a fuska da wuya, mai ƙaurin nan da na sani. Ya ce kada in hura, in bar shi ya zuba.

Abu uku ya fito da su ya jera a kan buhu. Akwai filato, mai yatsun ƙarfe, shi ne ke matsewa. Akwai diski, wanda ake matsewa ɗin, ya cinye har ƙusoshin da ke riƙe da fatarsa sun fito suna ƙyalli. Sai bolan, faifan ƙarfe mai nauyi mai haƙora a gefe, wanda ke manne da bayan inji. Shi sai da muka yi gumi kafin ƙusoshinsa su yarda. Baban Garaj ya goge fuskar bolan ɗin da tsumma ya juya ta wajen haske. Ƙarfen ya yi tabo-tabo, shuɗi da baƙi, ga ƙananan tsaga irin ta faso, ga kwari da ƙusoshin diski suka haƙa a zagaye. Ya ja farcensa a kai, ina jin sautin.

"Mushe, kai ne mai karatu," ya ce. "Karanta mani wanga."

Na ce ban iya wannan rubutun ba. Ya ce to shi zai karanta mini. Tafiya ɗaya zuwa Mai Yara ba ta yi wa ƙarfe haka, ko da kuwa makaho ne ya tuƙa. Wannan wuta ce ta yau da gobe. Ƙafa ce ta shekara kwance a kan feda, ba ta taka sosai ba, ba ta kuma ɗaga ba. Ya ce shekara arba'in ya san ƙafar bawansa, ba ta taɓa kwanciya a feda ba, idan yanzu ta kwanta to ta kasa tashi ne. Ya faɗi haka yana goge hannu, bai dube ni ba.

Sai na ji kamar na samu wanda zai karɓe mini kaya. Na ce tunda ya sani, shi ya kamata ya yi maganar, shi da ba abin da ba ya gaya masa. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce ai ya faɗa, ba sau ɗaya ba. Ya ce masa bawana ƙafarka ta mutu, ka sauka ka ba yara, tsohona ya ce ƙafar tasa ko a mace ta fi ta makaniki, aka tafa aka wuce.

"Taubashi shina hwaɗin komi don maganarshi ba ta da nauyi," ya ce. "Shi ya sa anka bar mu muna yi. Kai da taka ke da nauyi, kai ne ka yi shiru."

Na tattara tsofaffin ƙarafan a buhu don in nuna a inda zan saya.

Washegari na shiga motar Maradi. A shagon kayan mota mai shagon ya tambaye ni ina motar ke aiki. Na ce rairayi, arewacin Dakoro, kuma da lodi. Ya ce to ba ƙaramin filato ya dace da ita ba. Ya shiga ciki ya fito da wanda suke kira ranforse, ya ce duk direbobin rairayi shi suke sawa, ba ya zamewa, ba ya saurin ci. Ni abin da na sani shi ne ina so in kai wa tsohona mafi kyau, ko Allah zai sa ya ce a gaya wa wancan ya kyauta. Na haɗa da sabon diski. Bolan kuwa sabo ba ya samuwa ga mota mai shekarun tamu, sai a wajen masu fasa tsofaffin motoci na samu wani mai lafiyayyar fuska. Na bi haƙoransa da yatsa kamar yadda aka ce mini, ba wanda ya karye. Na dawo da buhun a tsakanin ƙafafuna, yana buga mini idon sawu duk ramin da muka faɗa, ina jin kaina mutumin kirki.

Baban Garaj ya yaba bolan ɗin, ya yaba diskin. Da ya zo kan filato sai ya juya shi a hannu. Ya ajiye shi a ƙasa, ya dafa kafaɗata, ya hau yatsun ƙarfen da dunduniya da duk nauyinsa. Da kyar suka lotsa. Ya jawo tsohon ya taka, nan da nan ya lotsa. Ya ce in duba da kyau. Zafi ya dafa tsohon har ya yi laushi, shi ya sa ƙafar da ba ta da ƙarfi take iyawa da shi. Wannan sabon kuwa ƙafar saurayi yake so, tsohona ba zai iya kai shi ƙasa ba. Ya ce akwai direban da zai tafi Maradi da safe, ana iya ba shi ya musanyo da na gama-gari mai taushi. Da wannan bawansa zai iya ƙara shekara a hanya, ko fiye, ko ƙasa da haka, Allah ne masani.

"Kai ka sawo, kuma kai ne ɗanshi," ya ce. "Mi za a yi?"

Na daɗe a tsaye ina kallon filaton a ƙasa. Na tuna matan da ke salati a bayan mota. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya a takarda ba, ba su ne suka fi yawa a zuciyata ba. Abin da ya zo mini shi ne idan ƙarfe ya tsayar da shi, ba sai na buɗe baki ba. Ba wanda zai ce ɗa ya sauke ubansa daga mota. Za a ce tsufa ne, za a ce ƙaddara ce, ni kuma in ci gaba da gaisuwata kamar yadda na saba. Tsoro ne tsagwaronsa, na yafa masa rigar tausayi. Na ce a sa shi. Baban Garaj ya yi mini wani kallo da har yau ba na son tunawa, ya yi bismillah, ya ɗauki filaton.

Wuni guda muka yi. Mu biyu muka ɗaga bolan ɗin muka zaunar da shi a mazauninsa. Ƙusoshin ba bi da bi ya ɗaure su ba, ya taɓa wannan sannan na ƙetarensa, kaɗan-kaɗan yana zagayowa, don ƙarfen ya zauna daidai. Ya wanke fuskar bolan ɗin da esansi, wato fetur, har sau biyu, ya sa na wanke hannuna da sabulu kafin in taɓa diski, ya ce ɗigon maiƙo ɗaya ya isa ya ɓata aikin duka. Yana da wani guntun icen aduwa da ya feƙe da kansa tun shekaru, ya yi baƙi ya yi santsi don riƙo. Shi ya zura ta tsakiyar diski ya tsayar da shi a saiti kafin ya matse filato a kai. Ya ce idan ya kauce ko da faɗin ƙwayar gero, akwatin bitesi ba zai shiga ba. Duk da haka sai da akwatin ya yi mana gardama. Muna turawa, yana tsayawa saura yatsa biyu. Na so in sa ƙarfi, ya hana ni. Ya ɗan juya, ya ɗan girgiza, sai muka ji ƙwas, ya zauna. Duk wunin nan mutumin bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, daga miƙo wannan sai riƙe wancan.

Da aka gama muka tura ta daga kan ramin, na shiga na taka fedar. Ni da ƙafata lafiya lau sai da na ji ta a cinya. Na fito na rufe ƙofar.

Da la'asar na biya gida. Inna tana shanyar farar rigar tsohona. Ta ce tun safe yake aikawa a gaya wa 'yan kasuwar Sabon Maci su shirya, kasuwa mai zuwa shi zai ɗauke su, kwanakin nan da ya yi a zaune ko tuwo ba ya gamawa. Ta rage murya ta ce ita da ma motar ta ƙi gyaruwa. Na ce mata ta gyaru. Ta ce to Allah ya tsare, ta ci gaba da shanya. Na so in gaya mata abin da na yi, ita ma na kasa.

A garaj ɗin Baban Garaj mota ba ta fita bayan babban gyara sai mai ita ya zo ya fitar da ita da kansa. Yakan ce ƙafar mai abu ita ce shaida. Ya aika a ce wa tsohona ya zo washegari da hantsi, lokacin da direbobi suke tasha. Amma labari ya riga ya zaga, da na isa na tarar da direbobi uku a benci suna shan shayi, sun zo ganin bashen tsoho ta tashi. Tsohona ya iso cikin farar rigar, da goro a aljihu. Ya jefa wa taubashinsa ɗaya, ya ce ga ladan bawa. Baban Garaj ya cafe, ya ce Allah ya sa albarka, bai rama ba. Na ga tsohona ya ɗan tsaya ya dube shi.

Ya buɗe ƙofa. Wannan karon ba inda zai ɓoye, a gaban kowa ya sa hannu ya ɗaga ƙafar ya shigar. Ya yi bismillah ya tayar da inji, ya saurare shi, ya gyaɗa kai. Sannan ya taka. Ina tsaye daidai ƙofar, ina ganin ƙafar. Ta kai rabi ta tsaya, tana rawa. Ya tura bitesi, ƙarfe ya yi ƙara mai tayar da tsikar jiki. Ya mayar. Ya ja numfashi ya sake, haka dai. Karo na uku ya ɗora hannun hagu a gwiwa ya danna da nauyin ƙirjinsa, ya tura da dama, bitesi ya shiga. Amma da ya ɗauke hannun don ya kama sitiyari, ƙafar ta taso gaba ɗaya. Motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Hularsa ta faɗo masa a cinya.

Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Direbobin suka mayar da ido kan kofunan shayinsu. Ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce wataƙila saiti ne bai yi ba, a ɗan sassauta. Tsohona ya ce saiti ya yi, aikin ba shi da aibi. Gumi yana bin wuyansa. Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, sannan ya dubi taubashinsa.

"Ranforse ne kunka sa."

"Shi ne," in ji Baban Garaj.

"Wa ya zaɓe shi?"

Baban Garaj ya buɗe baki, na san zai ce shi ne ya zaɓa. Na riga shi.

"Ni ne, Baba."

Tsohona bai juyo ba. Ya zauna hannunsa a kan sitiyari, yana shafa wurin da tafinsa ya cinye, tsawon lokacin da mutum zai karanta Fatiha sau uku. Sannan ya sauko. Ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta, ya buɗe ɗaya ƙofar, ya zauna a kujerar fasinja. Ya ce wa Baban Garaj a ce wa wancan ya ja.

Na ja. Hanyar gida ta tasha take bi, ba yadda zan kauce. 'Yan tasha suka ga bashe ta taso suka fara ɗaga hannu suna barka, sai hannuwan suka tsaya a sama da suka ga mai tuƙin. Tsohona ya ɗaga musu nasa kamar kullum, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ni kuwa idona ya cika, da kyar nake ganin hanya. Ina ta ce wa kaina an gama, mutane sun tsira, ban kuma yi wa ubana rashin kunya ba. Na nanata ya fi a ƙirga, bai shige ni ba.

Saura lungu ɗaya mu isa gida ya ce in tsaya. Ni ya ce wa, don ba kowa a motar sai mu. Na tsaya a inuwar wata katanga na kashe inji. Ya dubi gilashin gaba. Ya ce filaton mai kyau ne, zai daɗe idan an kula da shi. Ya ce ya san ba ni na ƙona wancan ba, in yafe masa. Na ce ba komai. Ya ce an daɗe duk ranar da ya ɗauki makulli gabansa faɗuwa yake, yana kallon mutane suna hawa baya da 'ya'yansu yana neman tsari a ransa, amma direba ba ya iya sauke kansa da kansa, sai an sauke shi.

"Shekara guda ina jiran ɗana ya ce mani, Baba, ya isa," ya ce. "Da ka hwaɗa, da ranar na miƙa maka makulli. Sai ka aiko ƙarhe ya hwaɗa mani a gaban mutane."

Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya ce in wuce da motar gidana, shi zai ƙarasa a ƙasa. Na zauna ina kallon bayansa har ya shige lungun.

Ya yi shekara biyu a duniya bayan haka. Bai sake taɓa sitiyari ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Iyakar hirar da muka taɓa yi ke nan, ni da shi.